Man shafawa na yana rabuwa, mai sama ruwa ƙasa: me zan sa ya riƙe su?

Maman Hafsa, Yalwa, Garwa

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina leƙe ba na magana, yau dai tura ta kai bango.

Shekara uku ke nan ina haɗa man shafawa a gida. Man kaɗe nake saya, in narkar, in tace da ƙyalle, in zuba man riɗi da ɗan turare, in buga har ya yi fari, in ɗura a robobi. Da hunturu ko zama ba na samu, kaushi da faso ke yi mini talla. Amma da Maris ya kama, zafin Garwa ya haura digiri 40, shi ke nan kasuwa ta kwanta. Wa zai laɓta zallar mai a jiki gumi na tsiyaya? Masu sayena suka matsa mini in yi musu mai ruwa-ruwa irin na kanti, wanda fata ke shanyewa nan take.

Karon farko ruwa kawai na zuba a man na kama bugu da maburgi. Ya yi fari tas kamar madara, har na kira maƙwabciyata ta gani. Da safe na buɗe, mai ya hau sama ya yi zamansa, ruwa na ƙasa. Aka ce in sa kakin zuma. Na aika aka sayo mini daga Ngaundare, ya yi kauri kam, amma in ka danna yatsa sai ruwa ya tsattsafo kamar gumi.

Na uku shi ne ya ba ni kunya. Wata ta ce in jiƙa sabulun salo in zuba. Ai kuwa ya riƙe, kwana biyar bai motsa ba. Na yi murna na haɗa roba 30, na ɗan matsa lemon tsami a ciki don mata na son abin da ke sa fata haske, na ba ƙanena ya kai kasuwar Pitowa ran Lahadi a bayan babur. Da la'asar ya dawo mini da 26. Na buɗe ɗaya: ya tsinke kamar nonon da ya kwana uku a rana, gudaji-gudaji na yawo a cikin wani ruwa rawaya. A cikin huɗun da aka saya, wata ta aiko a faɗa mini wuyanta na ƙaiƙayi. Daren nan ban ci tuwo ba.

Akwai wani mai kayan sabulu a kasuwa da ya nuna mini wani abu fari ƙwaya-ƙwaya a leda, ya ce in na sa shi magana ta ƙare. Na tambayi sunansa, ya ce shi dai "sinadari" ya sani. Ban saya ba. Masu sayena don na ce musu kayan gida ne suke zuwa wurina. Ban da haka maigidana kifi yake saro wa daga Lagdo, da shi muke ci, kuma na san duk ruwan wanke tukwanena kwata yake bi, kwata kuwa Binuwai ta nufa.

To don Allah, akwai abin da zai riƙe mai da ruwa wanda ba zai cuci fata ba, ba zai cuci kogi ba? Ƙaro zai yi? Na ji ana faɗa.

Goggo Asabe, Marwa

Wa alaikumus salam 'yata. Ni tambaya ɗaya zan yi miki: wa ya aike ki zuba ruwa?

Tun kafin a haife ki nake taɓa man kaɗe. Duk wahalar da matan ƙauye ke sha, su daka, su niƙa, su yi ta cuɗawa da hannu har man ya taso fari, su dafa shi, ba don komai ba ne sai don su raba shi da ruwa. Man da aka ƙone ruwansa tsaf zai shekara a ƙwarya bai yi wari ba. Ke kuma kin zo kina mayar masa da abin da aka sha wuya aka fitar. Ruwa in ya shiga, fumfuna ta samu gida.

In nauyi suke kuka da shi, ki rage kaɗen ki ƙara man riɗi, ki ce su shafa da jiƙaƙƙen jiki daga fitowa wanka, ɗan kaɗan ya wadatar. Ni haka nake yi, ba a taɓa dawo mini da roba ba. Lemon tsami kuma ki raba shi da fatar mutane, ki bar shi a kunu.

Malamin Kimiyya, Ngaundare

Goggo, ku yi haƙuri in ɗan sa baki. Maganarku ta fumfuna gaskiya ce dutse, zan ma dawo kanta. Amma abin da Maman Hafsa ke nema yana yiwuwa, kuma ba sai da guba ba. Sarrafa abinci na karanta a babbar makarantar ENSAI nan Ngaundare, irin wannan haɗin mun sha yin sa.

Maman Hafsa, ki fara da sanin cewa ruwa da mai ba sa haɗuwa har abada. Abin da kika gani fari ranar farko, man ne kika farfasa ya zama ɗigo-ɗigo ƙanana yana yawo cikin ruwa. Da kin ajiye maburgi sai ɗigon nan su fara neman juna, biyu su zama ɗaya, ɗaya ya haɗiye wani, har su koma yadda suke. Masu ƙuli-ƙuli da gangan suke neman wannan: su yayyafa ruwan zafi a tunkuza su yi ta juyawa har mai ya fito. Haka mai kaɗa nono. Madarar saniya kanta mai ne a cikin ruwa, kowane ɗigo da 'yar rigarsa da ke hana shi manne wa ɗan'uwansa, kaɗawa ce ke yage rigar man shanu ya dunƙule.

Rigar nan ita kike nema. A shago za ki ji ana ce mata emilsifiyan, ni ina kiranta ɗan sulhu. Ƙwayarsa tana da kai mai son ruwa da wutsiya mai son mai, sai ya tsaya a tsakani, wutsiya cikin mai, kai cikin ruwa, ya zagaye ɗigon. Wani masani a Amurka, William Griffin, ya yi musu ma'auni a 1949, ana kiransa HLB, daga 0 zuwa 20. Masu ƙaramar lamba, kamar 3 zuwa 6, sun fi karkata ga mai, su ke riƙe ruwa a cikin mai, abin ya fito da nauyi da maiƙo. Masu lamba daga 8 zuwa sama su ke riƙe mai a cikin ruwa, shi ne mara nauyin da matan Garwa ke tambayar ki.

Kakin zuma ba ɗan sulhu ba ne na sosai. Daskarewa yake ya kulle ruwan a ciki kamar soso, shi ya sa kika danna ya tsattsafo. Sabulun salo kuwa ɗan sulhu ne na gaske, shi ya sa ya riƙe miki kwana biyar. Matsalarsa biyu. Ruwan toka ne asalinsa, a ma'aunin tsami da ake kira pH yana wajen 9 zuwa 10, fatar mutum kuwa tana wajen 5. Sabulu an yi shi ne a cuɗa a ɗauraye, ba a wuni da shi a wuya ba, ga ƙaiƙayin matar nan. Na biyu, tsami na kashe sabulu, yana mayar da shi mai. Ranar da kika matsa lemon nan, da hannunki kika kori ɗan sulhun, ranar Pitowa da girgizar babur suka ƙarasa. Ko ruwan rijiya mai gartsi, wanda ba ya kumfa da sabulu, zai iya yi miki wannan ɓarnar.

Abin ledar nan, zato na kakin haɗi ne na yau da kullum, ba lallai guba ba ne. Amma kin yi daidai da kika ƙi sayen abin da ba suna. Tsoronki na kogi ma ba shirme ba ne: akwai wani dangin sinadarin wanki, nonilfenol, da ke daɗewa a ruwa yana rikita haihuwar kifi, har Tarayyar Turai ta kafa dokar taƙaita shi a 2003.

Waɗanda zan ce ki nema iri biyu ne. Akwai wanda ake yi da sukarin masara ko alkama haɗe da kitsen kwakwa ko na manja, dangin gulukosid, sunan da aka fi sani a shaguna Montanov 68, na wani kamfanin Faransa. Akwai kuma na man zaitun, Olivem 1000. Dukansu ƙwayoyin halitta na ruwa da ƙasa suna iya cinye su su ruɓe. Masu sayar da kayan haɗa man shafawa a Duwala da Yawunde za ki tambaya, ki ce a aiko miki da takardar sunan a jikin leda. Ban ce tsarkakakku ba ne, gonakin manja sun ci daji da yawa a duniya, amma ta fuskar kwatarki da kifin maigida sun fi.

Ga awo na gwaji, giram 100 kacal, kar ki sake fara wa da roba 30. Man kaɗe 10, man riɗi 10, ɗan sulhu 5, a kwano ɗaya. A wani kwanon gilisarin 3 da garin zantan 0.3, ki dama su tare tukuna don kar ya yi gudaji, sannan ki zuba tafasasshen ruwa mai tsabta wajen giram 71. Ki ɗora kwanonin biyu cikin tukunyar ruwan zafi har kowanne ya kai digiri 70 zuwa 75. Nan mutane ke faɗuwa: su zuba ruwa mai sanyi a kan narkakken kaɗe, ya daskare kafin a farfasa shi. Ki juye man cikin ruwan a hankali kina bugawa da miksa ta hannu minti uku, sannan ki koma cokali, kina juyawa sannu har ya huce.

Maburgi ba zai yi ba, kuma ga dalili. Saurin tasowar ɗigon mai yana bin girmansa ne sosai: in kika rage faɗinsa da rabi, saurin ya ragu sau huɗu. Zantan kuma aikinsa ya sa ruwan ya yi yauƙi kamar miyar kuɓewa, ɗigon ya rasa hanyar zuwa wurin ɗan'uwansa. Sai ki sayi sikelin da ke auna ƙasa da giram ɗaya, irin na masu zinariya. Cokali da murfin kwalba ba awo ba ne.

Ɗan Durbali, Injamena

Salamu alaikum. Na ga an ambaci ƙaro Malam bai taɓa shi ba, to nan gonata ce, shekara goma sha ina saye a Durbali ina kawowa Injamena.

Hajiya, ƙaro ba ɗaya ba ne. Akwai kitir, na itacen ɗakwara, dunƙule mai tauri, in kin ɗaga shi a rana kamar zuma ta daskare. Shi sai an tsaga bawon itacen da rani a jira makonni kafin a tsinta. Akwai talha, mai garas-garas, yana fita da kansa, ya fi araha. Turawan da ke saye kitir suke rububi, kuma tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 masu nema suka ƙaru a wajenmu. Na taɓa tambayar wani mai saye me suke yi da shi haka, ya ɗauko kwalbar lemo ya nuna mini E414, lambar ƙaro, a jikin takardar. Ya ce man ɓawon lemo da ke ba abin sha ƙamshi, ƙaro ne ke riƙe shi cikin ruwa, in ba shi ba sai ya taso ya yi zobe a wuyan kwalba. Na yi dariya na ce ai almajiranmu sun riga ku, da me ake riƙe baƙin tukunya a cikin tawada in ba ƙaro ba?

Saboda haka yana riƙe mai, wannan ba shakka. Amma ni mai sayarwa ne zan faɗa miki gaskiya: uwargidana ta gwada shi a man shafawa, ba ta maimaita ba. Man da ke cikin lemo ɗan mitsitsi ne, ƙaron kuma kusan yawan man ake zubawa ko fiye. Ke da za ki sa mai giram 20, ƙaro nawa za ki zuba? Da ya bushe a hannunta sai fatar ta ɗaure tana ƙyalli kamar hular da aka sa wa sitaci, yatsu na mannewa. In dai kina so ki gani da idonki, ki ba direban Kusuri lambar wani naki, in aiko miki da rabin kilo na kitir kyauta.

Maman Hafsa, Yalwa, Garwa

Kai, Allah ya saka da alheri, ya ƙara sani. Goggo na ji faɗanku, na kuma bar lemon tsami har abada. Alhaji na gode, a bar kitir ɗin, kar in mayar da matan Yalwa huluna.

Malam, saura abu biyu. Surukata ta ce su da ɓawon aduwa suke wanki a ƙauye, yana kumfa sosai. Tunda na daji ne, ba zai maye gurbin na Duwalan ba? Kuma kun ce za ku dawo kan fumfuna. Ina da man bitamin E, an ce shi ke hana lalacewa.

Malamin Kimiyya, Ngaundare

Surukarki ta yi gaskiya, aduwa na da sinadarin kumfa da ake kira saponin, kuma ɗan sulhu ne. Akwai irinsa da ake samu daga ɓawon wani itace na ƙasar Chile, kilaya, har a abin sha ake sa shi. Amma tambayi maigida me masunta ke yi da ɓawon aduwa. Dakawa ake a zuba a kududdufi kifi ya taso yana maye. Yana kashe har katantanwar da ke ɗauke da tsargiya. Kin ga fitowa daga daji bai sa abu ya zama lafiya ga kifi ba. Ga shi ba ki da hanyar sanin ƙarfin wanda kika jiƙa yau da na gobe. Ni ba zan sa shi a abin da za a sayar wa mai jego ba. Gwaiduwar ƙwai ma haka, lesitin da ke cikinta ke riƙe mayonez, amma wa zai ajiye ƙwai a roba a zafin Afrilu?

Bitamin E yana hana mai yin ɗaci da warin tsufa, iyakarsa ke nan. Ba ya kashe ƙwayar cuta ko ɗaya. Haɗin da kashi 70 nasa ruwa ne, a ɗakin Garwa, kwanaki kaɗan ya ishe shi ya fara ruɓa, kuma yakan lalace tun ido bai gani ba. Nan Goggo ta fi mu gaskiya. Dole ki sa maganin adanawa. Masu sauƙi su ne sodiyom benzowat giram 0.5 da potasiyom sobat 0.3, waɗanda ake sa wa a lemon kwalba. Ki narkar da su a ɗan ruwa ki zuba bayan haɗin ya huce ƙasa da digiri 40. Ba sa aiki sai da ɗan tsami, don haka ki sayi takardar gwajin pH, ki ɗiga ruwan garin sitirik kaɗan-kaɗan har ta nuna 5. Wannan tsamin ba zai tsinka haɗin ba, don babu sabulu a ciki. Duk da haka ba su da ƙarfin na masana'anta: ki riƙa yin kaɗan, ki rubuta ranar haɗi a gindin roba, ki goge robobin da alkol na kemis, in da hali ki koma kwalba mai famfo don yatsa ya daina shiga.

Kafin ki sayar, ki raba gwajin uku: ɗaya a firiji, ɗaya a ɗaki, ɗaya a inda ya fi ko'ina zafi a gidan. Ki ba su wata guda.

Maman Hafsa, Yalwa, Garwa

Jama'a na dawo da labari, yau sati biyar.

Na zaitun ɗin na samu, wata 'yar ƙanwar maigida da ke karatu a Yawunde ta sa mini a mota, da sunansa a jikin leda. Sikeli kuwa sai da na je layin maƙeran zinariya. Gwajin farko ya lalace, laifina ne: ana cikin bugu aka ɗauke wuta, na koma maburgi, ya fito da tsaki-tsaki kamar an zuba gero. Na biyu na jira dare da wuta ta zauna. Ina juyawa da cokali yana hucewa, sai na ji ya fara kama cokalin, ya yi santsi yana sheƙi. Na ɗiga kaɗan a kofin ruwa ya baje ya yi fari kamar madara, bai dunƙule ba. Hafsa ta shafa a hannu ta ce, "Mama, ina ya tafi?"

Na raba uku yadda Malam ya ce. Na firiji da na ɗaki ba abin da ya same su. Na ukun a kan katangar kicin na ɗora shi, ƙarƙashin rufin kwano, inda ko ƙadangare ba ya zama da azahar. Sati uku yana lafiya. A na huɗu na ga wani siririn layin mai a gefen robar, kamar zare. Bai rabu ba, amma na gan shi.

Malam, in ƙara ɗan sulhun ya zama 6, ko in rage kaɗen in ƙara riɗi? Ban sayar ko ɗaya ba tukuna. Goggo, robar zallar kaɗe da na ajiye kusa da shi a kan katangar ta narke ta zama ruwa tun ranar farko, amma da na shinshina jiya ƙamshinta na nan yadda yake.